BABI NA SHIDA: LOKUTAN SHEKARA DA AYYUKAN GIDAN MANOMI A DUTSEN ABBA, ZARIYA

6.0 Gabatarwa

Shekarar manomi a ƙasar Hausa tana tafiya ne da ruwan sama. Ruwa yakan sauka na 'yan watanni sannan ya ɗauke, kuma abin da aka noma a cikin waɗannan watanni shi ne gida zai ci har wata daminar ta kewayo. Saboda haka kowane aiki da ake yi a gidan manomi, tun daga yaɓen katanga har zuwa shanyar kuɓewa, yana da lokacinsa. Wanda ya bari lokacin ya wuce shi, a rumbunsa zai ga sakamakon. A wannan babi za a dubi yadda lokutan shekara ke juyawa da irin ayyukan da kowannensu ke zuwa da su, tare da kalmomin da Bahaushe ya tanadar musu. An ɗauki yankin Dutsen Abba na ƙasar Zazzau a matsayin misali.

6.1 Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi ya iya:

(a) kawo lokutan shekara na Bahaushe da alamomin shigar kowannensu;
(b) bayyana lissafin taurari da dalilin da ya sa manoma suka riƙe shi;
(c) jero ayyukan maza da mata da yara a kowane lokaci;
(d) nuna yadda aikin wani lokaci ke shafar wanda ke biye da shi;
(e) tsara darasi a kan wannan batu ga ɗaliban firamare ko ƙaramar sakandare.

6.2 Wurin Nazari da Yanayinsa

Dutsen Abba ɗaya ce daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Zariya a jihar Kaduna. Yanki ne na karkara a gefen birni, mai ƙauyuka da unguwanni waɗanda noma da kiwo su ne ƙashin bayan rayuwarsu. Kusancinsu da birni ya sa amfanin gonarsu na isa kasuwannin Tudun Wada da Sabon Gari cikin sauƙi, haka kuma matasansu na shiga gari neman abin yi idan aikin gona ya ƙare.

Ƙasar Zariya tana kan tudu mai tsayin fiye da mita 600 daga doron teku. A matsakaicin lissafi tana samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 zuwa 1,100 a shekara, alhali Katsina da Sakkwato kan sami tsakanin 600 da 700. Kusan dukkan wannan ruwa yana sauka ne daga watan Mayu zuwa farkon Oktoba, kuma ya fi yawa a watan Agusta. Wannan tsawon damina shi ya ba manomin Zazzau damar noma masara da dawa mai daɗewa a gona, da shinkafa da waken suya, abubuwan da ba kowace shekara suke yi ba a can arewa.

Iskoki biyu ne ke juya yanayin yankin. Ta farko busasshiya ce, tana tasowa daga hamadar Sahara ta ɓangaren arewa maso gabas, ita ce ke kawo hunturu da ƙurarsa. Mafi yawan wannan ƙura daga wani kwari take tasowa mai suna Bodele a arewacin ƙasar Chadi. Ta biyu mai laima ce, tana tasowa daga tekun Atilantika ta ɓangaren kudu maso yamma. Inda iskokin biyu suka haɗu yana gusawa arewa sannu a hankali daga farkon shekara, sannan ya koma kudu a ƙarshenta. Idan mai laima ta rufe Zariya sai damina ta sauka, idan ta ja da baya sai ruwa ya ɗauke. Wannan ne dalilin da ya sa ruwa ke riga sauka a Kaduna kafin Zariya, a Zariya kuma kafin Katsina.

6.3 Yadda Bahaushe ke Lissafin Lokutan Shekara

A dunƙule Bahaushe ya raba shekara gida biyu, wato damina da rani. A rarrabe kuwa yana da bazara da damina da kaka da rani, inda wasu ke ware hunturu ko ɗari su mai da shi na biyar. Akwai kuma ƙananan lokuta a cikin manyan, kamar marka, wato tsakiyar damina lokacin da ake wuni ana ruwa, da agazari, wato zafin nan da ake yi a ƙarshen damina dab da ɗaukewar ruwa.

Watannin Musulunci da su ake lissafin azumi da salla da sauran ibadu, amma shekararsu kwana 354 ce ko 355. Ke nan tana gaza shekarar rana da kimanin kwana 11, don haka watan da ya faɗo a damina bana, bayan wasu shekaru zai faɗo a rani. Manomi ba zai iya dogara da su wajen sanin lokacin shuka ba. Wannan ya sa malamai da dattawan manoma suka riƙe lissafin taurari, wanda ya shigo ƙasar Hausa ta hanyar ilimin Larabci. Taurarin 28 ne, kowanne yana yin kwana 13, in ban da Jabha mai kwana 14, jimla kwana 365. An ba kowane lokaci taurari bakwai kamar haka:

Bazara: Far'ul Muƙaddam, Far'ul Mu'ahhar, Baɗnul Hutu, Naɗhu, Buɗaini, Surayya, Dabaran.
Damina: Haƙ'a, Han'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha, Harsan.
Kaka: Sarfa, Iwa, Simaku, Gafru, Zubana, Iklili, Ƙalbu.
Ɗari: Shaula, Nu'aimu, Bulda, Sa'adu Zabihu, Sa'adu Bula'u, Sa'adu Su'udu, Sa'adul Ahbiya.

Furucin waɗannan sunaye yakan ɗan bambanta daga wuri zuwa wuri. Surayya ita ce gungun taurarin da Hausawa ke kira kaza mai 'ya'ya. Bisa wannan lissafi damina tana shiga wajen ƙarshen Mayu, kaka wajen ƙarshen Agusta, ɗari wajen ƙarshen Nuwamba, bazara kuwa wajen ƙarshen Fabrairu. Ya kamata ɗalibi ya lura cewa taurarin damina kwana 92 kawai suke yi, alhali a Zariya ana kusan wata biyar ana ruwa. Ma'ana, ruwa yakan fara tun cikin taurarin ƙarshe na bazara, kuma yakan zarce cikin na farkon kaka. Manomin Zazzau yana amfani da lissafin ne a matsayin ma'auni, yana haɗawa da abin da idonsa ya gane masa a sama da ƙasa.

6.4 Gida da Rabon Aiki

A tsarin gargajiya, gidan manomi yana tafiya ne a kan gandu. Gandu shi ne babbar gonar da maigida da ƙannensa da 'ya'yansa ke nomawa tare, daga cikinta ake ci, ake biyan haraji a da, ake kuma yi wa samari aure. Kowane baligi yakan sami gayauna, wato ƙaramar gonar kansa, wadda yake yi wa aiki da yamma ko a ranar da aka huta da aikin gandu. A gidajen da ake kulle, matan aure ba su zuwa gona, amma kusan duk abin da ya fito daga gona ta hannunsu yake bi kafin ya zama abinci. Su ke surfe da bakace da tankaɗe da girki, su ke kula da awaki da kaji. Yara su ne 'yan aike tsakanin gida da gona, su ne masu kiwo da yankan ciyawa da talla. Idan aiki ya fi ƙarfin gida, akan kira gayya, ko a ɗauki 'yan ƙwadago a biya su.

6.5 Bazara

Bazara takan kama daga Maris zuwa saukar ruwa. Lokaci ne na tsananin zafi, domin a watan Afrilu zafin rana a Zariya yakan haura digiri 35 a ma'aunin Salshiyas. Rijiyoyi kan ja baya, wasu su ƙafe, mata da yara su yi ta zirga-zirgar neman ruwa tun da asuba. Ciyawa ta ƙare a daji, dabbobi sun rame, sai harawa da dusar da aka tanada. A wannan lokaci ne kuma ƙyanda da sanƙarau suka fi yaɗuwa. Annobar sanƙarau ta 1996 ta kama mutum fiye da 100,000 a arewacin Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000, shi ya sa ma'aikatan lafiya ke gargaɗi a kan cunkoso a ɗaki marar taga da kuma muhimmancin allurar riga-kafi.

Duk da wannan wahala, bazara ita ce lokacin shiri. Maza sukan yi sharar gona, su tuge tushiyoyin bara, su sassabe kirare da ƙayoyi, su tara su ƙone. Sai a kwashe takin turke da na bola da toka a kai gona a kan jaki da mangala, ko a amalanken shanu, a juye shi tsibi-tsibi. Akan kai fartanya da garma da sungumi wurin maƙeri a gyara. A gida kuwa ana duba rufin soro a toshe inda ya tsage, a gyara indararo, a yi wa ɗakunan ciyawa baibaya. Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya, kuma wanda ya bar gyaran rufi sai hadari ya haɗo ya san gaskiyar wannan magana. Mata kuma sukan tara itace da kara su adana inda ruwa ba zai taɓa ba. A bazara ne ɗorawa ke nuna, a ci garinta, a wanke kalwa a ajiye domin daddawa, ɓawonta kuma a yi makuba da shi don shafen katanga.

Alamomin ƙaratowar damina sanannu ne. Iska takan juya, a fara jin gumi maimakon bushewar fata. Itatuwa sukan yi toho tun ruwa bai sauka ba, in ban da gawo, wanda shi a lokacin ne yake shirin zubar da ganyensa. Shamuwa takan dawo ta yi sheƙa a kan itatuwan cikin gari. Da yamma hadari yakan taso daga gabas da iska mai ƙarfi da ƙura, wani lokaci ya zubar da ruwa, wani lokaci ya watse.

A nan ne manomi ke fuskantar shawara mafi nauyi a shekararsa. Ruwan farko yakan sauka a Afrilu, sannan a yi mako biyu ko uku ba a sake samun wani ba. Wanda ya yi gaggawar shuka, tsiron yakan ƙone, ya yi asarar iri da wahala. Wanda kuma ya yi jinkiri ƙwarai, ciyawa takan riga shukarsa tashi, ko ruwa ya ɗauke dawarsa ba ta gama ƙosawa ba. Don haka akan bambanta ruwan farko da ruwan shuka. Manomi yakan tona ƙasa ya ga iya inda laima ta kai kafin ya fitar da irinsa. Wasu kan yi binne, wato su shuka gero a busasshiyar ƙasa ya jira ruwa, sai dai wannan ya fi yawa a ƙasashen jigawa na arewa fiye da Zazzau.

6.6 Damina

Ana yi wa damina kirari da uwar albarka, amma ita ce lokacin da ya fi kowane wahala a gidan manomi. Da zarar ruwan shuka ya samu, kowa sai gona. Ana yin kunyoyi da garma ko da shanun huɗa, mai sungumi yana sara a gaba, yara na biye suna zuba iri suna rufewa da ƙafa. Gero ake fara shukawa, sai dawa da masara da gyaɗa, wake kuwa sai damina ta yi nisa ake sa shi a tsakanin hatsi. Bayan shuka sai noman farko, a cire tsiron da ya yi yawa a rami, a yi dashe inda bai fito ba, a zuba takin zamani, wato kamfa da yuriya. Daga nan sai maimai, sannan huɗa, wadda ita ce tara wa shuka ƙasa a gindi don kada iska ta kwantar da ita.

Daga 1966 zuwa 1967 wani masanin tattalin arzikin noma mai suna David Norman, wanda ya yi aiki a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, ya bi diddigin ayyukan manoma a ƙauyuka uku na ƙasar Zazzau, wato Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi. Ya gano cewa a watannin Yuni da Yuli ne aiki ke cushewa har hannu ya yi kaɗan, domin noman ciyawa ba ya jira. Ya kuma nuna cewa haɗa amfani iri biyu ko uku a gona ɗaya, wanda wasu ke ɗauka rashin wayewa ne, dabara ce mai riba, saboda idan wani ya ƙi wani zai yi, kuma noma ɗaya ya wadatar da su duka.

A cikin gida ma aiki ƙaruwa yake yi. Mata sukan tashi da wuri su dama kunu ko koko, kafin azahar kuma a aika wa manoma da abinci da fura. Itace ya jiƙe, girki sai da hayaƙi da haƙuri. Ana ɗaure tumaki da awaki a turke don kada su yi ɓarna, saboda haka dole yara su yanko musu ciyawa safe da yamma. A bayan gida akan shuka kuɓewa da yakuwa da rama da kabewa, daga daji kuma a samo tafasa da lalo. A farkon damina ne kaɗanya ke zubar da 'ya'ya, mata su tsinto su tanadi ƙwarar don yin man kaɗe.

Idan Agusta ta kama sai marka ta kankama. Akan wuni ana yayyafi, rana ba ta fitowa, shanya ba ta bushewa, katangun ƙasa suna jiƙa har wasu su zube. Sauro yakan yawaita, zazzaɓinsa ya kwantar da yara da manya a daidai lokacin da ake bukatar ƙarfinsu. Wannan ya sa tun bayan shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2012, ake bi gida-gida a jihohin arewa ana ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar maganin riga-kafin zazzaɓi wata-wata a cikin damina.

Babbar jarrabawar marka ita ce abinci. Hatsin bara ya kusa ƙarewa, na bana bai nuna ba, farashi kuma ya kai ƙololuwa a kasuwa. Maigidan da rumbunsa ya ƙare yakan bar gonarsa ya tafi ƙwadago a gonar wani don ya samo awo, tasa gonar kuwa ciyawa ta cinye. Ko kuma ya ci bashin hatsi da alkawarin biya da kaka. Ta haka ƙarancin bana ke haifar da na baɗi, domin da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wannan ne ya sa gero ke da daraja ko a inda masara ta yi yawa: cikin kimanin wata uku yake nuna, kuma ranar da yara suka fara gasa tumu, gida ya san ya tsallake.

Idan kuwa ruwa ya yanke a tsakiyar damina, shuka ta fara yaushi, akan fita sallar roƙon ruwa, a yi sadaka. Dattawa ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba, kuma tarihi ya adana labarin yunwar 1914 wadda aka yi wa laƙabi da Kakalaba.

6.7 Kaka

Kaka ba rana ɗaya take zuwa ba, bi da bi amfani ke isowa. Gero ke fara shigowa a ƙarshen Agusta zuwa Satumba. Masara da gyaɗa su biyo baya a Satumba da Oktoba, sai shinkafa da waken suya da wake, dawa kuwa sai Nuwamba zuwa Disamba, bayan raɓa da iskar farkon hunturu sun gama busar da ita. Ana girbe gero da dawa da magirbi a kwantar, a yanke kawunan, a ɗaure dami-dami a kai gida. Kafin a girbe dawa akan zage ganyenta, wato karmami, a ɗaure harawar wake da ta gyaɗa a ɗora a kan itace ko rufin ɗaki. Wannan shi ne abincin dabbobi har wata damina. Mata da yara su ke roron wake da tsinkar gyaɗa da barkono, marasa gona kuma su bi baya su yi kala.

Daga nan sai ajiya. Akan share rumbu a gyara shi, a ɗaga shi a kan duwatsu saboda gara da laima, a jera dammuna a ciki. Mai iyali yakan ware iri tun da fari, ya zaɓi kawunan da suka fi ƙosawa ya rataye. Yakan fitar da zakka, wadda ita ce kashi ɗaya cikin goma na abin da ruwan sama ya shayar, ko ɗaya cikin ashirin na abin da aka yi wa ban-ruwa da wahala, idan ya kai nisabi. Yakan kuma aika wa dangi da surukai da malamai nasu rabon. Mata sukan yanka kuɓewa su shanya, su busar da kuka da barkono da yakuwa, domin miyar rani tun da kaka ake tanadinta.

Kaka lokacin walwala ce. A cikinta aka fi yin bukukuwan aure, a da kuma ita ce lokacin kalankuwa da dambe da kokawa a dandali. Sai dai a nan ma akwai tarko. Kowa yana kai hatsi kasuwa a lokaci guda, don haka farashi yakan faɗi, 'yan kasuwa daga manyan kasuwanni irin ta Giwa su saya su ajiye. Manomin da bashi da biki suka sa ya sayar da yawa, shi ne zai dawo da marka ya sayi hatsin nan da tsada. Ke nan hikimar maigida ba a yawan dammunan da ya girbe kawai take ba, har da sanin nawa zai fitar, nawa kuma zai rufe bakin rumbu a kansu.

6.8 Hunturu da Rani

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu iskar arewa ke mulki. Hazo yakan rufe sararin sama, da dare sanyi ya sauka ƙasa da digiri 15, leɓɓa su tsage, ƙafafu su yi faso, mura da tari su yawaita. Ana jin ɗumi da kara da safe, almajirai kuma su kewaye wuta da allunansu da dare. Saboda bushewar komai da ƙarfin iska, wannan ne lokacin gobara, musamman a gidajen da ake shiga da garwashi ɗaki ko ake tara kara kusa da murhu.

Ana sakin dabbobi su ci abin da ya rage a gonaki. A al'ada manomi yakan yi shiri da Fulani makiyaya su zauna a gonarsa na wasu kwanaki, shanu su ci kara su bar masa taki. Rikici yakan taso ne idan shanu suka iso ba a gama kwashe dawa da wake ba, ko kuma idan an nome burtalin da suke bi.

Rani shi ne lokacin gini, tun da babu ruwan da zai rusa. Ana kwaɓa ƙasa a yi tubali, a ta da sabon ɗaki ga wanda zai yi aure, a yi yaɓe, a kafa darni da karan dawa, a saƙa zana da asabari, a yashe rijiya. Mata sukan yi sussuka da sheƙa, su dafa daddawa, su matse man gyaɗa su soya ƙuli-ƙuli, yara su kai talla. Masu fadama a bakin kogin Galma da rafukan Kubanni da Saye sukan koma lambu, su noma tumatir da albasa da tattasai da attaruhu, wasu kuma su sare rake. Waɗanda ba su da fadama sukan tafi cin rani, ko su riƙa shiga Zariya kullum suna aikin gini da dako da ƙananan sana'o'i. Kuɗin da aka samo da rani da su ake sayen takin zamani, ta haka rani ke ciyar da damina.

6.9 Sauye-sauyen Zamani

Wannan tsari bai tsaya yadda yake a da ba. Masara, wadda a da ake shuka kaɗan a bayan gida don gashi, ta zama babban amfanin gona a ƙasar Zazzau tun daga shekarun 1970, bayan samuwar ingantaccen iri da takin zamani da shirye-shirye irin na bunƙasa noma na Funtuwa da aka fara a 1975. Amma masara ba ta yi sai da taki, don haka tsadar taki ta zama damuwar kowace bazara. Maganin feshi ya rage wahalar noman farko, ya kuma rage gayya. Injin niƙa da na casa sun ɗauke wa mata wani kaso na aikin turmi. Injin ban-ruwa ya maye gurbin jigo, musamman bayan shirin Fadama na farkon shekarun 1990, sai dai cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 ya ƙara wa masu lambu tsadar aiki. Buhun PICS mai ciki uku, wanda aka fara yaɗawa a 2007, ya ba da damar ajiye wake ba tare da zuba masa guba ba.

Sababbin matsaloli ma sun bayyana. A 2016 ƙwaron tumatir da manoma ke kira sharon ya yi ɓarnar da ta sa gwamnatin jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir, kuma a wannan shekarar ce aka fara ganin tsutsar nan mai cin masara a Nijeriya. Gandu yana raguwa saboda rabon gado da sha'awar kowa ya tsaya da ƙafarsa, birni kuma yana cin gonakin da ke kusa da shi. Ta fuskar sanin lokaci, Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, ana kuma yaɗa shi da Hausa a rediyo. Manomi a yau yana sauraron wannan hasashe, yana tambayar malami tauraron da ake ciki, sannan ya tona ƙasa ya duba da kansa.

6.10 Amfanin Darasin ga Malamin Hausa

Da farko, wannan fage rumbu ne na kalmomi. Yaron da ya tashi a cikin gari yana iya kammala sakandare bai san bambancin surfe da sussuka ba, ko na karmami da harawa. Yaron ƙauye kuwa ya san su tun yana ƙarami, amma bai taɓa tunanin ilimi ne da makaranta za ta tambaye shi ba. Malami nagari yakan haɗa su biyun, ya bar ɗan ƙauye ya yi bayani, ɗan birni ya rubuta. Haka kuma akwai damar koyar da karin harshe, kamar damina da damuna da damana, ko marka da malka, tare da nuna wadda daidaitacciyar Hausa ta zaɓa.

Na biyu, darasin yana bukatar a gani da ido. Malami zai iya kawo fartanya da lauje da kan gero da na dawa cikin aji. Zai iya sa ɗalibai su zana da'irar shekara a babbar takarda, su rubuta ayyukan kowane lokaci a gurbinsa. Zai iya ajiye gwangwani a filin makaranta a riƙa auna ruwan da ya sauka ana rubutawa a allo. Zai kuma iya tura su wurin kakanninsu su tattaro karin magana da kacici-kacici a kan damina da rani, a mai da su abin insha'i.

Na uku, malamin da aka tura makarantar karkara ya san cewa zangon karatu na uku yana faɗawa ne a kan shuka da noman farko, na farko kuma a kan girbi. Idan ya ga kujeru sun zama wayam a Yuni ko Nuwamba, ya binciki dalili kafin ya ɗauki bulala. Zai fi amfani ya zauna da iyaye da mai unguwa a daidaita, misali yara su zo makaranta da safe su tafi gona da yamma, shi kuma ya guji sa muhimmin gwaji a makon da aka sami ruwan shuka.

6.11 Kammalawa

A wannan babi an ga yadda iskoki biyu ke raba shekarar Zazzau, da yadda Bahaushe ya sa wa kowane yanki nata suna, ya kuma riƙe lissafin taurari don sanin inda yake a cikinta. An bi ayyukan gida daga sharar gona zuwa rufe rumbu, aka ga cewa takin da aka kai da bazara shi ke fitowa a dami, abin da aka ƙi sayarwa da kaka shi ke riƙe gida da marka, kuɗin rani kuma su ke sayen takin damina. Wanda zai koyar da al'adun Hausawa yana bukatar ya san wannan zagaye da kalmominsa, domin mafi yawan yaran da zai tsaya a gabansu daga irin waɗannan gidaje suke fitowa.

Tambayoyi

1. Kawo lokutan shekara na Bahaushe, ka faɗi alamomi biyu na kowanne.
2. Me ya sa manomi bai dogara da watannin Musulunci wajen lissafin shuka ba? Kawo taurarin damina a jere.
3. Yi bayanin waɗannan kalmomi, ka sa kowace a cikin jimla: binne, maimai, marka, tumu, karmami, kala, gayauna, baibaya.
4. Tattauna yadda ƙarewar rumbu da marka ke shafar amfanin gonar shekara mai zuwa.
5. Kwatanta ayyukan mata na kaka da na rani.

Aikin Yi

Ziyarci wani dattijon manomi a garinku ka tambaye shi alamomin da yake bi kafin ya yi shuka. Rubuta abin da ka samo a shafi biyu, sannan ka tsara darasin minti 35 a kansa domin 'yan aji biyar na firamare.